Tsohuwar Wayar Darlene

Thunder Bay, 2 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanena Warren,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kuma ciwon bayan nan naka ya daina damunka. Mu nan lafiya lau. Baba ya samu sauƙin tarin, saura rigima. Ranar Lahadi da na je gidan tsofaffin da yake zaune na tarar ya ƙi cin abinci, wai miyar kifinsu ruwa ce kawai aka nuna wa kifi daga nesa. Sai da na koma gida na dafo masa irin ta Mama, mai madara da dankali, sannan ya saki fuska. Ya tambaye ni kai. Na ce kana can arewa a ƙarƙashin ƙasa kana haƙo musu zinariya. Ya ce, "To, a ce masa ya taho min da guntu."

Na ga dai tsohuwar wayata da na ba ka ranar tafiyarka ba ta canja halinka ba. Na tura maka hotunan Baba, shiru kake ji. Shi ya sa na koma takarda, tunda jirgin ma'aikatanku yana kai wasiƙu, kai kuma ba ka iya ganin ambulan ka ƙyale.

Aiki yana nan yadda ka san shi. Gidan mafakar matan ya cika, har ɗakin wasan yara mun shimfiɗa katifa. Da sanyi ya fara shigowa haka muke fama, mata suna ta gudowa daga mazajensu da 'ya'ya a hannu. Wani abu kuma ya ɗan dame ni. Akwai manhajar da mu ma'aikata muke aika wa juna saƙo, inda muke rubuta wa zai raka wance asibiti, wa zai ɗauko yara daga makaranta. Kwanan nan sai in buɗe da safe in ga saƙonnin da ban taɓa gani ba, amma an yi musu alamar an karanta. Na ɗauka tsufa ne ya fara kama ni. Na faɗa wa Odette, shugabarmu, cikin wasa. Ita ba ta yi dariya ba. Nan take ta kira Sunita, matar da take duba mana kwamfutoci.

Sunita ba ta samu zuwa ba, a waya muka yi magana. Ta ce, "Ba sai kin faɗa min kalmar sirrinki ba, amma sunan karenki ne, ko?"

Na kalli Odette.

"Da shekarar haihuwarki a ƙarshe?"

Na ce, "Ke, kin taɓa zuwa gidana ne?"

Ta ce rabin mutanen garin nan haka suke. Ta sa na sauya da wata doguwa, kalmomi huɗu da ba su da dangi da juna, ta hana ni rubuta ta a jikin kwamfuta. Yanzu kullum da safe sai na tsaya ina bitar ta a raina kamar 'yar makaranta.

Ka riƙa sa safa mai kauri. Ka rubuto.

Yayarka,
Darlene

Sansanin ma'adinai, 9 ga Oktoba

Yaya Darlene,

Na samu wasiƙarki, na gode. Ina lafiya. Bayan ya yi sauƙi tun da suka mayar da ni tuƙin motar kwasar dutse, yanzu zama ne ciwona. Ki ce wa Baba zinariyar nan ko da ido ban taɓa ganinta ba, baƙin dutse kawai muke lodawa. In yana so in taho masa da wannan, mota guda zan kawo.

Ƙanƙara ta sauka a nan tun makon jiya. Tafkin da jirgi yake bi ta kansa ya fara daskarewa daga gefe. Abinci babu laifi, sai dai mai girkin yana ganin duk abin da bai sha barkono ba bai dahu ba.

Na yi dariya da labarin kalmar sirrinki har wanda ke gado na sama ya leƙo. Ke da kike hana ni faɗa wa kowa ko layin da gidan aikinku yake, ashe kare kika bari yana gadi. Ni ina ganin babu komai, yatsanki ne yake taɓa saƙonnin kina gyangyaɗi. Tun muna yara kina barci da littafi a fuska.

An ba ni sabon abokin ɗaki tun watan jiya, kowa Dogo yake ce masa, don sai ya sunkuya yake shiga ƙofa. Ɗan garinmu ne, har ya san tsohon layinmu da shagon burodin da ke kusurwa. Mutum ne mai shiru. Ranar Alhamis shi yake raka ni zaman da muke yi, mu da muka daina shan giya, ko da yake shi ba matsalarsa ba ce. Ya zauna a bayan ɗaki ya jira ni, mu dawo tare. Ba kowa zai yi maka wannan ba a wurin da mutum yake fitowa aiki ko takalmi bai iya cirewa. Yana da 'ya ƙarama da ya daɗe bai gani ba, abin yana cin sa. Wani lokaci sai in ji shi yana juyi a gado har in yi barci in bar shi.

Batun waya kuwa, kin san ni da danne-danne. Amma kada ki damu, tana nan tana aiki, ba a banza kika bayar ba. Intanet ɗin nan a ɗakin cin abinci kaɗai yake kamawa, bayan an tashi aiki.

Hutuna sai tsakiyar watan gobe. Ki tanadar min itace, ina so in shiga ɗakin wankan tururi in gasa ƙashina har in manta da wurin nan.

Ƙanenki,
Warren

Thunder Bay, 17 ga Oktoba

Warren,

Ina fata kana lafiya. Baba lafiya, ni ma jikina lafiya. Ka yi haƙuri da gajeriyar gaisuwa.

Abin bai tsaya ba. Bayan na sauya kalmar sirrin na saki jiki, sai shekaranjiya na sake ganin saƙon da aka karanta kafin ni. Wannan karon Sunita ta zo da kanta. Ta zauna a kujerata ta buɗe wani shafi da ban san da shi ba, inda ake ganin duk na'urorin da ke cikin asusuna. Guda uku ne. Kwamfutar ofis, wayar da ke hannuna, da wata waya ta uku.

Na ce, "Amma ai na sauya kalmar."

Ta ce, "Kin sauya kwaɗo ne mutumin yana cikin ɗaki. Wannan wayar tun tuni take ciki, ba wanda ya fitar da ita. Laifina ne da ban zo na duba ba tun ranar farko."

Ta fitar da dukkan na'urorin, ta sa na sake sauya kalmar, ta ƙara wani mataki, yanzu sai an turo lamba a wayata kafin asusun ya buɗe. Ta bi duk ma'aikatan gidan ta yi musu haka. Sannan ta juyo da kwamfutar ta nuna min daga inda wayar ta uku take shiga. Intanet ɗin kamfanin ma'adinai ne, can arewa, kusan kullum da yamma.

Odette tana tsaye a bayana. Ta ce, "Darlene, kin san wani a can?"

Warren, daga wajenku ne. Wayar da na ba ka ce. Na goge hotuna, na cire layina, amma ban fita daga manhajar aiki ba, ko tunanin ta ban yi ba. Na yi kuskure da na ba ka wayar nan.

Ka san abin da ke cikin saƙonnin? Ba ma rubuta cikakken suna, harafin farko kawai, kuma ba ma rubuta adireshin gidan. Amma akwai sunan makarantun yara. Akwai ranar da wance za ta je kotu, da wurin da wance ta samu aiki, da motar da take hawa. Wasu daga cikin matan nan, in mazajensu suka san ko ɗaya daga wannan, ban san ko za su kai Kirsimeti ba. Ba ƙari nake yi ba. Na taɓa zuwa jana'izar wata da ta zauna a gidan nan.

Kai da kanka ka rubuto cewa wayar tana aiki, kuma da yamma intanet yake kamawa. Don haka nake tambayar ka kai tsaye. Kai ne kake buɗewa? In kai ne, ka faɗa min me ka gani, kuma wa ka ba labari. Ba faɗa zan yi ba. So nake in san waɗanda za mu ɗauke daga inda suke.

Na kira ofishinku na bar saƙo. In wannan ta riga shi isa, ka je ka kira ni daga can, kada ka jira jirgi.

Darlene

Sansanin ma'adinai, 22 ga Oktoba

Darlene,

Lafiyata ƙalau, tunda kin tambaya a layi ɗaya.

Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin ɗakin cin abinci, na sake karantawa a ɗaki. Kin yi kuskure da kika ba ni wayar. To, na ji. Da ma na san akwai ranar da za ki faɗa.

Shekara uku ban kai kwalba bakina ba. Amma har yau in na shigo gidanki sai kin rungume ni kin daɗe, kina tsammanin ban san shinshina ni kike yi ba. Ranar jana'izar Mama, makullin mota kika karɓe a hannuna a gaban mutane. Ban ce komai ba, don lokacin na cancanta. Yanzu kuma abu ya lalace a ofishinku, shugabarku tana tsaye a bayanki, sai sunan wa ya fara zo miki? Warren. Me zan yi da saƙonnin matan da ban sani ba? Ni da nake fitowa aiki ko cokali da ƙyar nake ɗagawa.

An ba ni saƙonki a ofis. Ban kira ba, don na san abin da zan faɗa ba mai daɗi ba ne.

Tunda bincike ake yi, ga amsa. Ban taɓa buɗe manhajarku ba, ban ma san kamanninta ba. Wayar ba ta hannuna tun makon farko da Dogo ya zo. Tasa ta faɗa ruwa, na ara masa don ya riƙa kallon hotunan 'yarsa da kakarta take turowa. Abin da nake nufi da tana aiki ke nan. Kada kuma ki juya kansa. Royce Hallett sunansa, ki rubuta ki ba shugabarku in tana so, ba za ta samu komai ba. Mutumin da yake share hawaye in ya ga hoton yarinya ba shi da lokacin leƙen asirin mutane. Wataƙila yatsansa ya taɓa bisa kuskure, ko na'urar Sunitarku ce ta ruɗe.

Ya ma tafi hutu shekaranjiya, ya nemi a matso masa da shi don mahaifiyarsa ba ta da lafiya. In ya dawo zan karɓi wayar in aiko miki da abinki, ki huta.

Ki gaida Baba.

Warren

Thunder Bay, 29 ga Oktoba

Ƙanena,

Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya. Na ji a rediyo guguwar ƙanƙara ta rufe arewa, jirage ba sa sauka. Ina gaya wa kaina shi ya sa ban ga wasiƙarka ba. Amma wayar ofis ba jirgi take jira ba. Na sake kira, mutumin ya ce ya faɗa maka, ka ce kana barci.

Baba ya faɗi a banɗaki ranar Talata. Bai karye ba, goshinsa ne ya fashe, an ɗinke. Yana ta ba ma'aikatan labarin wai dambe ya yi.

An dakatar da ni daga aiki. Odette ta kira ni ofis ta rufe ƙofa, ta ce ba kora ba ce, amma hukumar gidan ta ce in zauna a gida har a gano wanda ya karanta. Na miƙa makullaina. Ta raka ni har mota tana riƙe da hannuna, ni kuwa da ta yi min faɗa da ya fi min sauƙi. An tara matan an faɗa musu cewa wani ya ga saƙonnin ma'aikata. Wata ta daina zuwa aikin da ta sha wuya kafin ta samu. Wata ta hana yaranta fita ko tsakar gida. Ba a faɗa musu asusun wa ba ne, amma sun ga wadda ta daina zuwa.

Ina zaune a gida daga ni sai kare. Na sauya kalmar sirrin duk abin da na mallaka, har ta kantin magani, ban san amfanin me zai yi ba.

Na sake karanta abin da na rubuta maka a raina, ina neman inda na ɓata maka. In maganar kuskure ce, nawa nake nufi, na rashin goge wayar. Ba ba ka ita ba ne kuskuren. Ko a ranar da na ga sunan kamfaninku, abin da ya fara zo min shi ne kana kewar gida ne kana leƙawa don ka ga sunana. Ban taɓa zaton mugunta ba.

Amma shirunka yana tsorata ni. In wani abu ya faru, in ka koma sha, ka faɗa min, za mu san yadda za mu yi. Kamfaninku ya ce ba zai ba Sunita komai ba sai da takardar 'yan sanda, su kuma sun ce a jira. Kai kaɗai ne za ka iya gajarta mana wannan jiran.

Yayarka,
Darlene

Sansanin ma'adinai, 3 ga Nuwamba

Yaya,

Ina lafiya, ban koma sha ba. Ki yi wa Baba sannu, ki ce ina tafe.

Jirgi ya sauka jiya bayan guguwar, ya kawo wasiƙarki. A ofis suka ce min buhun wasiƙunmu ma ya daɗe a nan, sai ranar Juma'a wani ƙaramin jirgi ya fita da shi. Ke nan duk kwanakin da nake zaune ina cika ina batsewa, ina cewa na ba ki amsa, amsar tana kwance a kusurwar ofis.

Da na gama karantawa na tafi na kira ki. Kika ce, "Na samu wasiƙarka. Ba zan iya magana yanzu ba," kika ajiye. Na ji hayaniyar mutane a bayanki. Na sake kira da yamma ba ki ɗauka ba. Ban san me ya faru ba, kuma ba wanda zan tambaya.

Na dawo ɗaki na buɗe akwatin Dogo. Babu komai sai tsohuwar rigar aiki. Mai zuwa hutu ba ya kwashe kayansa haka. Wayar ma ya tafi da ita.

Tun jiya nake tuna hirarrakinmu. Ranar da ya fara zuwa ya ga sunan gidanmu a jikin hular aikina, ya ce, "Rantala? Kana da wata 'yar'uwa Darlene?" Na ce yayata ce. Ya ce ya taɓa jin sunan wajen wani lauya, wai mace ce mai taimakon mutane. Ni kuwa baki har kunne, na ce ai a gidan mafakar mata take aiki. Ya tambaye ni wace unguwa, na ce ban sani ba, kuma gaskiya ban sani ba, ke kika hana ni sani. Ya yi dariya ya ce haka ya kamata. Bayan kwana biyu wayarsa ta faɗa ruwa. Ban ga faɗuwar ba, shi ya faɗa min.

Akwai yammacin da na same shi a ɗakin cin abinci ya sunkuya a kan wayar yana rubutu a bayan takardar sigari. Da ya gan ni ya kife ta. Na ce, "Kai Dogo, budurwa ka yi?" Ya ce, "Kusan haka." Muka yi dariya.

Na tambayi mai tsara hutu game da mahaifiyarsa. Ya ce shi dai a takardar da Royce ya cike da ya zo, ya rubuta iyayensa duk sun rasu.

Yaya, matarsa tana gidan mafakarku? Na san ba za ki iya faɗa min ba. Amma ki faɗa min ko yarinyar tana lafiya. Na je wajen shugaban tsaro na nan na ba shi labari duka, ya rubuta, ya ce zai aika wa 'yan sandan gari. In ana so in zo in faɗa da bakina, zan ajiye aikin in taho a jirgin farko.

Abin da na rubuta miki a waccan wasiƙar, ki bar shi sai na zo.

Warren

Thunder Bay, 9 ga Nuwamba

Warren,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. An cire wa Baba zaren ɗinkin. Ni ma ina nan.

Yarinyar tana lafiya. Na fara da wannan don kada ka tsallake layi kana nema.

Zan faɗa maka iya abin da ya riga ya shiga takardar kotu, tunda 'yan sanda za su karanta maka shi in ka zo. Sunanta da na uwarta ba za ka ji daga bakina ba.

Wasiƙarka ta zo ranar Litinin da rana. Na buɗe ta a tsaye a bakin ƙofa, ina karanta faɗan da kake yi min, har na fara jin sanyi a raina don dai ka yi magana. Sai na kai kan sunan Dogo na gaskiya. Na san shi. Ni na raka matarsa kotu ranar da alƙali ya hana shi kusantar ta ita da 'yar, ni na zauna kusa da ita yana kallon mu daga ɗaya ɓangaren. A wurin ya ji sunana.

Na duba ranar da ka rubuta, na ga ya daɗe da shigowa gari. Na kira Odette. Ban ko gaishe ta ba, na faɗi sunan. Ta ce, "Yarinyar tana makaranta," ta ajiye. An ce min kada in je ko'ina kusa da aikin, amma na ɗauki mota na tafi.

Yana can. Wata farar mota ta haya a ƙetaren titi, daidai inda iyaye suke tsayawa. Ya sa hula ya zauna yana kallon ƙofa. Daga baya mai gadin makarantar ya ce ya ga motar tun makon jiya, ya ɗauka uban wani ne. Ashe yana koyon wace ma'aikaciya ce take zuwa, da wace mota, don ya bi ta har gidan mafakar. Odette ta riga ta kira shugabar makarantar, aka fitar da yarinyar ta ƙofar kicin tun kafin a tashi. Ni ina cikin motata a bayansa, na kasa ko sauke gilashi, har 'yan sanda suka iso. Bai yi gardama ba. Ya fito ya ɗaga hannu yana cewa shi kyauta kawai ya kawo wa 'yarsa. Akwai 'yar tsana a kujerar gaba. Abin da suka samu a ƙarƙashin kujerar za su faɗa maka da kansu. Wayar tana aljihunsa. Ina ofishinsu ina ba da bayani lokacin da ka kira.

Lauya ya ce da wuya a riƙe shi har a yi shari'a. Saboda haka matar ba za ta iya zama a garin nan ba. Ta bar aikin da ta fara, yarinyar ta bar makarantar da ta fara sabawa da ita. Odette ta ba ni izini in zo ranar tafiyarsu, don matar ce ta nemi ganina. Na shiga ɗakin tana ɗaure jaka. Na fara ba ta haƙuri, ta ɗaga min hannu.

Ta ce, "Ke kika zauna da ni a kotu, ban manta ba. Kuma ke kika kira ranar Litinin. Na sani."

Na ce, "Ni ce kuma na bar ƙofar a buɗe."

Ta ce, "Shi ma na sani." Ta ja zif ɗin jakar. "Ba na riƙe ki a raina. Amma na roƙi Odette kada a faɗa miki inda za mu, kada kuma a rubuta a ko'ina da za ki iya gani."

Na ce hakan ya yi daidai. Na ɗauki jaka ɗaya na kai mata bakin ƙofa, wata ma'aikaciyar ta karɓa ta sa a mota. Ban fita na ga hanyar da suka bi ba.

Hukumar ta ce in koma aiki farkon wata. Ba zan riƙa ganin jadawalin yara ba sai bayan wani lokaci. Sunita ta kafa doka, duk wadda za ta rabu da waya sai ta kawo an goge a gabanta, kuma ni aka ce in riƙa yi wa sababbin ma'aikata bayanin dalili. Na karɓa.

Kada ka ajiye aikinka. Ɗan sandan da ke binciken ya ce hutunka ya ishe shi, ranar da ka sauka zai gan ka. Zan zo filin jirgi in ɗauke ka, mu fara zuwa wajensa, sannan wajen Baba.

Maganar jana'izar Mama da rungumar da ka ce, gaskiya ka faɗa, ina yi. Ban san ka lura ba. Ni ma akwai abin da zan faɗa maka game da kiran da ka ƙi amsawa, kuma ba zai yi maka daɗi ba. Har yanzu ina jin haushinka, ina jin nawa fiye da naka. Ka zo dai. A mota za mu fara, tunda hanyar tana da tsawo kuma babu inda ɗayanmu zai gudu.

Yayarka,
Darlene